Dutsen da Baba Ilu Ya Ɓoye a Gwangwanin Madara

Duk wanda ya shigo ɗakina sai idonsa ya kai kan wani tsohon gwangwanin madara da ke saman kanta, kusa da gudumar mahaifina. In mutum ya matsa da tambaya sai in buɗe masa. Dutse ne a ciki, bai kai ƙwan kaza girma ba, naɗe da tsumman atamfa, yana walƙiya rawaya. Sai ka ga mutum ya rage murya, ya waiwayi bakin ƙofa, ya ce ashe Ɗanlami kana da irin wannan kake zaman faci a bakin titi? Ni kuwa abin ba ya ba ni dariya. Da wannan dutse wani tsohon mahauci a Inugu ya shirya komawa garinsu bayan shekara arba'in a kudu, ni ne kuma na gaya masa maganar da ta hana shi tafiya.

Sanin dutse gado ne a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai wankin zinare ne a rafin ƙauyenmu can ƙasar Zamfara, tun ana yi da ƙwarya bayan kaka, a samu na cefane a koma gona. Shi ya koya mini in nemi farin dutse mai jijiyar tsatsa, wanda ya yi ramuka kamar gara ta ci itace, in kuma lura da baƙin yashin da ke kwanciya a gindin ƙwarya bayan laka ta tafi. Ya ce zinare ba ya yawan walƙiya, yadda yake a rana haka yake a inuwa. In ka soka masa allura zai lotsa, in ka buga masa guduma zai baje, ba ya farfashewa. Dokarsa guda ce, ya kuma sha ja mini kunne a kanta: kada ka yanke wa dutse hukunci sai ka gwada, in ka gwada kada ka ɓoye abin da ka gani. Daga baya injina suka zo, baƙi suka zo, bindiga ta biyo su, gonakinmu suka koma ramuka. Na kai matata da yara gidan iyayenta, na ɗauki gudumar nan da allura guda, na bi motar shanu.

Anacha ce ta fara karɓata, in ma karɓa za a kira shi. Ban taɓa ganin mutane suna gudu ba tare da an kore su ba sai a garin nan. Ina dakon albasa da rana, in kwanta a barandar masallacin unguwar Hausawa. Bakina ne ya ja mini. Wata safiya a teburin mai shayi na shiga cika baki, wai ni ko ido rufe aka miƙo mini dutse zan faɗi abin da ke cikinsa. Ashe wani Alhaji Tanko yana gefe yana saurare. Mutum ne mai tumbi da turare da daɗin baki, ya ce shi ba zai iya ganin ɗan'uwansa ɗan arewa mai ilimi irin wannan yana dako ba. Ya ba ni ɗaki, ya ba ni sabon kaftani, mako guda ina cin shinkafa da nama ina sa masa albarka. Kai, na yi wauta a duniya.

Sai ga ranar biyan shinkafar ta zo, amma ba da kuɗi ba. Ya kai ni saman wani bene wurin wani Inyamuri mai sayar da kayan babur, ya zare wani farin dutse daga jaka, duk jikinsa ɗigo-ɗigon rawaya, ya ajiye a tebur. Aikina in tsaya da kaftani da guduma da harshen Zamfara in ce zinare ne. Na ɗauka, na ji santsi a hannuna, an shafa masa mai. Na kai hanci, warin gam. Da na sa allura sai ɗigo guda ya ɓanɓaro da ɗanƙonsa. Garin tagulla ne, irin na kan famfo da aka goge da zarto, aka liƙa a ramukan dutsen. Na ce da Alhaji da Hausa wannan an yi masa aiki. Ya take mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ya juya ya ce wa mutumin wai na ce lamba ɗaya ne. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na kama hannun mai kantin na ajiye masa ɗigon da ɗanƙonsa a tafi.

Kafin la'asar jakata tana waje, an kuma tuɓe mini kaftanin a tsakar gida a gaban matan haya. Wannan bai dame ni ba kamar abin da mai kantin ya yi. Ko sannu bai ce mini ba, ya kore mu tare har ƙasan bene yana cewa duk aboki ɗaya ne. Na zauna a bakin kogi ina kallon gada, ina jin haushin kowa har da mahaifina da dokarsa.

Daga nan sai Fatakwal. Wani ɗan Sakkwato ya sama mini aikin wankin tumbi da babbaka a kwata, na kama ɗaki da mutum huɗu a wajen Rumuokoro, inda ƙarar mota da ta masu kiran fasinja ba ta yankewa. Ruwan sama kuwa ba shi da ranar hutu. Rigarka ta kwana uku a igiya, ka ɗauko ta tana warin danshi. Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda ko abokan ɗakina na gaya wa sai su yi mini dariya, shi ne garin ba dutse. Laka ce da yashi da ruwa. Ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ko na jifan kare ba. Ni da na tashi ƙafata tana karo da dutse tun daga ƙofar ɗaki har gona, sai na ji kamar an ajiye ni a kan tabarmar da ba ƙasa a ƙarƙashinta.

Sai na koyi wata ɗabi'a. In na tashi daga kwata sai in bi ta inda ake gini, inda tifa ke zubar da tsakuwar da aka ɗauko daga nesa. In tsuguna in ɗauki ɗaya, in tofa mata yawu in goge, in juya ta a rana. Ba zinare nake nema ba, wa zai samu zinare a tsakuwar gini? Hannuna ne kawai ke kewar gida. Maigadin wurin ya ɗauka taɓin hankali gare ni. Akwai wata mata mai gasa ayaba da kifi a bakin hanya, Mama Bilesin, ta daɗe tana kallona, ran nan ta tambaye ni da Turancin buroka wai ko dutse nake ci. Na yi ta fama da hannu da baki har ta gane. Tun daga ranar, duk tsakuwar da ta gani mai wani launi dabam sai ta ajiye mini a leda, ta haɗa da ayaba guda mai zafi, in na miƙa kuɗi ta harare ni. Ba ta san sunana ba har na bar garin, Aboki Dutse take ce mini, dutse ita ce kalmar Hausa guda da ta koya a wurina. Har yau in na ji ƙanshin gasasshiyar ayaba sai ta faɗo mini a rai.

Hayaƙin babbaka da danshi suka sa mini tari da ya ƙi ji ya ƙi gani. Wani direban motar shanu ya ce in hau Inugu, can akwai tudu da iska, ya kuma ce in na sauka in nemi Baba Ilu mahauci a Kasuwar Artisan, ba ya korar baƙo.

Da motar ta fara hawan tudun Inugu na ga jar ƙasa da duwatsu a gefen hanya, wallahi sai da na goge ido da hula. Na sami Baba Ilu a teburinsa, dogon tsoho siriri mai farin gemu, yana ciniki da wata mata da Inyamuranci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Da na yi sallama sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya gaishe ni irin gaisuwar da na manta ana yi. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, matar nan tana tsaye da ledarta tana jira. Ranar ya kai ni gidansa a Coal Camp, tsohuwar unguwar masu haƙar kwal, tsakanin masu walda da masu kayan mota. Matarsa ta rasu an binne ta a nan. 'Yarsa Binta ce ke riƙe da gidan, haifaffiyar Inugu, ta girme ni, Hausarta da karin Inyamuranci a ciki, tana sayar da okpa da safe. Da na ɗanɗana okpar na ce ai wannan alalen gurjiya ne, gurjiyarmu ta arewa, ta ce to in ci in yi shiru tunda na gane 'yar'uwata.

Baba Ilu ya koya mini fiɗa da yanka, tari ya tafi, na yi ƙiba har wando ya matse ni. Amma lokacin da na fi so shi ne bayan la'asar, in mun dawo mun zauna a benci a ƙofar gida. Labarinsa ɗaya ne kullum, ƙauyensu a ƙasar Birnin Gwari. Tsamiyar da ke bayan gidan mahaifinsa. Rafin da suke wanka. Wata rana yana ba ni labari ya ce a bakin rafin akwai wasu fararen duwatsu masu jan zane a jiki, duk ramuka, da su mahaifiyarsa take kafa murhu, in ruwa ya janye kuma wani baƙin yashi mai nauyi yakan taru a kwana suna wasa da shi. Duk alamun da mahaifina ya koya mini ne yake lissafawa bai sani ba. Ban gaya masa ba, don na san abin da irin waɗannan duwatsu suka jawo wa ƙauyenmu.

Wata Juma'a bayan mun sauko masallaci ya kira ni ɗakinsa ya tura ƙofa. Ya ɗaga katifa ya ɗauko gwangwanin nan. Ya ce yana da wani amini, Emeka, kafinta, maƙwabcinsa ne a da. Emeka ya yi doguwar jinya, shekara biyu Baba Ilu bai bar gidan ya kwana ba nama a tukunya ba. Da Emeka ya ji jiki ya ƙi, zai koma ƙauyensu, sai ya kira shi ya ba shi dutsen. Mahaifin Emeka ne ya fito da shi daga ramin kwal ɓoye a takalmi, ya bar wa ɗansa, ya ce kada ya taɓa shi sai ranar da ba makawa. Baba Ilu ya ce da hannu biyu Emeka ya miƙo masa yana kuka. Tun lokacin bai nuna wa kowa ba, tsoron 'yan damfara. Yanzu, in ji Baba Ilu, ƙarfinsa ya ƙare. Bayan Babbar Sallah zai sallama teburinsa ga wani mahauci, ya sayar da dutsen, ya gina ɗaki biyu a gindin tsamiya, ya mutu inda aka binne mahaifinsa.

"Allah ne ya turo mini kai, Ɗanlami," in ji shi. "Duba ka gaya mini inda za mu kai shi."

Tun kafin ya gama warware tsumman na san amsa. Jikin dutsen murabba'i-murabba'i ne kamar ƙwayoyin sukari da aka manna, ga baƙin kwal a lungunansa, ga walƙiya mai yawa da ke mutuwa da ka kare shi da hannu. Zinare ba ya fitowa da kusurwa haka, ba ya kuma zama a cikin kwal. Irin dutsen nan ne da ke yaudarar sabon shiga, mun sha zubar da shi a bakin rami. Amma na ɓuya a bayan dokar mahaifina, na ce ba a yanke hukunci sai an gwada, kuma yau akwai hadari, sai rana ta fito sosai. Da rana ta fito na ce allurata ta ɓace. Mako uku ina wannan ƙarya. Ni da na faɗa wa Alhaji Tanko gaskiya a numfashi guda, ga ni ina zagaye-zagaye kamar ɓarawon akuya, saboda wannan karon mutumin da ke gabana ina son sa.

Yaya Binta ce ta tare ni wata safiya a bakin murhun okpa. Ashe ta san da gwangwanin tun tana budurwa, mai sharar ɗaki ba a ɓoye mata komai. Ta ce Baba ya riga ya fara magana da wanda zai karɓi teburin, kuma tebur a Artisan in ya fita hannunka ya fita ke nan. Ta dube ni ido cikin ido.

"In ba shi ba ne ka faɗa masa yanzu, tun tebur yana hannunsa. In ka bari ya je arewa hannu wofi, kai ka kashe shi."

Ranar Lahadi da hantsi, da kasuwa ba ta ci sosai, muka zauna mu uku a tsakar gida. Na ce Yaya Binta ta kawo fasasshen farantin tangaran da ɗan kunnen zinaren da mahaifiyarta ta bari. Na kife farantin, na goga ɗan kunnen a gindinsa inda ba santsi, ya bar zane rawaya siriri. Na nuna wa Baba. Sannan na miƙa masa dutsensa na ce ya goga da hannunsa, don ban iya ba. Ya goga. Zanen ya fito baƙi, da ɗan kore-kore. Ya sake gogawa a wani wuri, ya sake. Na ɗauki guduma na taɓa kusurwa guda kaɗan, ta rududduge ta zama gari, warin farar wuta ya tashi kamar an ƙyasta ashana. Na ce Baba, ka yi haƙuri, ba zinare ba ne.

Ya sunkuyar da kai kan farantin. Ana walda a maƙwabta, wani mai okada yana ta hon a waje. Na jira ya yi maganar gida, ko tebur, ko ɗaki biyun nan. Da ya ɗago sai ya ce:

"Emeka ya sani?"

A nan ne Anacha ta yi mini rana. Na ba shi labarin dutsen Alhaji Tanko, yadda aka shafa masa mai, aka liƙa masa gam, aka yi masa kwalliya. Na juya nasa a gabansa lungu-lungu. Ba mai, ba gam, ba sawun zarto, ba ko ƙarcen allura. Na ce Baba, tun da dutsen nan ya fito daga ƙasa ba wanda ya taɓa gwada shi, wannan kusurwa da na fasa ita ce rauninsa na farko. Wanda ya san na banza ne ba ya ɓoye shi a takalmi, ba ya kuma kuka in zai rabu da shi. Abin da ya fi tsada a gidansa ya ba ka.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To, wannan ya ishe ni." Ya naɗe dutsen da kansa ya mayar gwangwani, ya ɗauki wuƙaƙensa ya tafi kasuwa, Lahadin nan da ba kowa.

Tebur bai fita hannunsa ba. Yaya Binta ta yi mini godiya, ta ƙara mini okpa. Baba bai taɓa canza mini fuska ba, ko sau ɗaya. Amma daga ranar, in mun zauna a benci bayan la'asar, sai ya yi maganar tsadar shanu, ko ciwon gwiwa, ko limamin da ke tsawaita huɗuba. Tsamiya da rafi ba su sake fitowa daga bakinsa a bencin nan ba. Na sha jawo zancen da gangan, sai ya yi murmushi ya tambaye ni ko na kira yarana. Wannan shirun ya fi tuɓe kaftani ciwo, kuma har gobe yana ci na.

Damina biyu bayan haka ya kwanta. Ana saura kwana kaɗan ya rasu ya sa aka miƙo mini gwangwanin, ya ce in Allah ya mayar da ni arewa in kai dutsen ya ga tsamiyar, tunda shi ma ya daɗe yana jin labarinta. Muka binne shi a Inugu kusa da matarsa. Inyamuran layin sun rufe shagunansu, sun tsaya a ƙofar gida har aka fito da shi.

Da na dawo arewa sai da na jira hanya ta ɗan lafa, sannan na hau mota, na hau babur, na ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na jiyo ƙarar injin niƙan dutse, ƙarar da na sani tun a ƙauyenmu. Rafin ya zama jan kwatami. Inda gidaje suke ramuka ne da bukkokin leda, ga tulin fararen duwatsun murhun mahaifiyarsa ana farfasawa ana zubawa a buhu. Zinaren gaske ne, ban ma buƙaci allura ba. Na tambayi mutum ya fi goma gidan su Ilu mahauci, duk baƙi ne, ba wanda ya taɓa jin sunan. Tsamiyar na gane ta da kututturenta, an sare ta an yi tokaren rami da rassan.

Na zauna a kan kututturen na buɗe gwangwani, na warware tsumman, na ɗora dutsen a tafina. Ban san ko na ƙwace wa Baba Ilu gidansu ba ne, ko kuwa na bar masa shi yadda yake a ransa. Ina cikin wannan tunani wani mai haƙa ya fito daga rami, laka har wuya, ya ga walƙiya ya matso. Ya karɓa, ya jefa sama ya cafe, kallo ɗaya ya yi masa.

"Wannan ba komai ba ne, Malam. Yar da shi."

Na ce masa na sani. Na karɓi abina na naɗe, na mayar gwangwani na sa a aljihu, na kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.